Aiki ya samu, saura abin hawa: tarihin motar ma'aikaci a Nijar

Wanda ya daɗe yana zaman kashe wando, ranar da takardar ɗaukar aiki ta iso hannunsa, gida ne ke cika da barka. Washegari kuwa tambaya ɗaya ce ke jiransa a ƙofar gida: da me za ka je? Albashi sai ƙarshen wata, in ma an biya a kan kari, amma kuɗin hanya tun ran farko ake nemansu. Muna ganin wannan a gidajenmu har muna zaton haka duniya take tun fil azal, alhali abin yana da tarihi, kuma tarihin nasa bai yi nisa ba. Yadda aka yi wurin aiki ya yi wa ma'aikaci nisa, da yadda mota ta zama abin da ake mafarki da shi tun kafin albashin farko, duk sun samo asali daga wasu shekaru da iyayenmu ke tunawa sarai.

A farkon ƴancin kai, cikin 1960, Yamai ƙaramin gari ne mai mutum kamar dubu 30. Ofisoshin gwamnati suna Filato, ma'aikata kuwa suna zaune a unguwannin da ke kusa. Mai keke ya isa, mai ƙafa ma ya isa. Gadar Kennedy ba a buɗe ta ba sai 1970, don haka Harobanda tamkar wata ƙasa ce daban. A Damagaram, wadda ita ce babban birnin ƙasa har 1926, tsakanin Birni da Zango tafiyar ƴan mintoci ce. A Maraɗi haka. Mota ta kumandan ce, ta minista, ta manyan alhazan gyaɗa. Ƙaramin ma'aikaci burinsa keke, in ya ƙasaita mobileti.

Kuɗin uraniyom ne suka fara canza lissafi. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit cikin 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, kuma a ƙarƙashin mulkin Seyni Kunce baitulmali ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka gina ofisoshi, aka buɗe kamfanonin gwamnati barkatai. Wanda ya gama lakwal a wancan zamani ba ya neman aiki, aiki ne ke nemansa: ana tsara maka ma'aikatar da za ka tun kana kan benci. Tun da albashi tabbas ne, banki ma ya yarda da kai. BDRN, bankin raya ƙasa, yana ba da bashi, ma'aikaci ya sayi Yamaha ko Peugeot 504 yana biya kaɗan-kaɗan. Ga kuma Kaduna kusa, inda aka fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Dattawan da ke ce mana da can mushen lakwal yana da daraja, wannan ɗan tsakanin suke nufi, kuma bai wuce shekara goma ba.

A farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, bashin waje ya taru, fari na 1984 ya zo ya ƙara. Gwamnati ta sa hannu da FMI a 1983, sannan da Bankin Duniya, aka shiga abin da ake kira gyaran tattalin arziki. Fassararsa a bakin talaka ita ce kora. Kamfanonin gwamnati wasu aka rufe, wasu aka sayar, wasu aka rage musu ma'aikata. SONARA, wadda da ita ce uwar cinikin gyaɗa, ta durƙushe. A Maraɗi masana'antun da gyaɗa da fatu suka raya suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. BDRN kanta ta rushe a 1990, da ajiyar mutane a ciki. Aka daina ɗaukar ɗalibai aiki kai tsaye, aka fito da tsarin barin aiki don ganin dama, wato a ba ka ɗan kuɗi a dunƙule ka tafi ka nemi na kanka. Wasu sun sa kuɗin a kasuwa, wasu sun sayi mota sun maishe ta takasi. Nan ne karo na farko da ɗan boko a ƙasar nan ya kalli mota da idon abin neman abinci, bayan da can alamar girma ce kawai.

Waɗanda suka tsira da aikinsu ma ba su tsira da albashinsu ba. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, da taron ƙasa na 1991, dimokuraɗiyya ta zo ta iske baitulmali wayam. Shekarun 1990 gaba ɗayansu na bashin albashi ne: wata ya mutu, wani ya kama, ba a biya ba. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana yajin aiki, makarantu suna shekarar banza. Ma'aikaci yana da ofis, yana da teburi da lambar aiki, amma a aljihu bambancinsa da marar aiki kaɗan ne. Abin da ake fara sayarwa a irin wannan hali sananne ne. Ba a taɓa gida, ba a taɓa gona in akwai. Abin hawa ne ke tafiya. Motocin zamanin Kunce da yawa a wannan lokaci suka bar hannun masu su, waɗanda ba su sayu ba kuma aka ɗora su kan duwatsu a ƙofar gida, awaki suna kwana ƙarƙashinsu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa dala 10 ya koma dala 20. Duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya, har da taya da batir da kowane ƙarfe na cikin inji. Sabuwar mota ta fita daga lissafin ma'aikaci tun daga ranar, kuma har yau ba ta dawo ba sai ga ƴan ƙalilan.

Abin da ya cike gurbin shi ne tsohuwar motar Turai. Jama'a da barkwancinsu suka sa mata suna da Faransanci, «au revoir la France», wato an yi ban kwana da Faransa, ko da yake mafi yawansu ta Beljik suke fitowa. A birnin Brussels akwai wata unguwa, Heyvaert, da ta shahara da wannan ciniki: ana tattaro motocin da Turawa suka gaji da su daga ƙasa-ƙasa, a loda su jirgin ruwa a tashar Anvers, a sauke a Kwatano. Daga can direbobi su koro su a jere, sama da kilomita 700, ta Parakou da Kandi, su ƙetare kogi a Malanbil zuwa Gaya. Wani abin sha'awa, akasarin motocin da aka rubuta wa Nijar a takarda ba nan za su zauna ba. Najeriya ta ƙuntata shigo da tsofaffin motoci, sai ƴan kasuwa suka mai da ƙasarmu mashiga: mota ta shigo ta Gaya, a biya kuɗin ratse, ta fita ta Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram. Duwan ta samu kuɗin shiga mai kauri, matasa sun samu aikin tuƙi da dillanci, mu kuma muka samu abin da ya zube a hanya. Toyota Starlet da Corolla da suka cika Yamai, farare masu jan kai, daga wannan kwararo suka fito. Ma'aikacin Nijar bai taɓa zama babban mai saye a wannan kasuwa ba, ya dai ci albarkacin maƙwabci.

To ga inda labarin ya fi ban mamaki. Da Tanja Mamadu ya hau mulki a ƙarshen 1999, albashi ya fara fita a kan kari, amma tsohon bashi yana nan jibge. Kuɗin biya babu. Sai aka yi dabara a farkon shekarun 2000: a biya ma'aikata bashinsu da filaye. Aka yanka dubban parsel a gefen gari, musamman Yamai, aka raba wa malamai da ma'aikatan likita da na ofisoshi a madadin watannin da suka yi ba albashi. Wasu don matsi suka sayar da takardar da araha tun ba su ga wurin ba. Waɗanda suka daure suka gina, sai suka wayi gari da gidan kansu a inda ba kwalta, ba famfo, ba motar haya. Ka ga ke nan bashin albashi ya rikiɗa ya zama nisa. Gwamnati ta sauke nauyinta, ma'aikaci ya ɗauki wani sabo, wanda zai riƙa biya kullum safe da yamma a gidan mai.

Garin ma da kansa yana ta buɗewa. Ƙidayar 1988 ta samu kusan mutum dubu 400 a Yamai, ta 2001 sama da dubu 700, ta 2012 kuwa sun haura miliyan ɗaya. Gari ne da ba ya hawa sama, sai dai ya bazu kamar ruwa a kan tabarma: Kwara Tegi, Bobiyel, Yamai 2000, Kubiya, Saga. Ofisoshi kuma suna nan inda Nasara ya bar su. Wanda aka sallama a 1988 yana haya a Lakurusu ko Kalle, in Allah ya sa ya koma aiki a 2003, zai iske kuɗin hayar tsakiyar gari sun fi ƙarfinsa, dole ya koma baya inda ɗaki ke da sauƙi. Abin da ya rage a haya sai ya biya a hanya. A da ma, lokacin da ake tashi da rana a je gida cin abinci a dawo da la'asar, sau huɗu ake bin hanyar a yini.

Motocin safa na gwamnati ba su taɓa isa ba. SNTN ta gwada, SOTRUNI ta gaje ta, amma ƴan motoci ƙalilan ba su ɗaukar gari mai miliyan. Sai faba-faba, sunan da Zabarmanci ne, ma'anarsa taimako, da takasi mai jan kai da ake haɗa mutum huɗu kowa da inda za shi. Shekara da shekaru kuɗin takasi dala 40 ne, amma in unguwarku ta yi nisa direba ya ce biyu za ka biya, in kuma yashi ne ya ce ba ya shiga sam.

A garuruwan kudu amsar daban ce, kuma Najeriya ce ta kawo ta. Da naira ta fara faɗuwa daga 1986, kayan can suka yi arha a hannun mai sefa, ga man fetur mai tallafi da ake tsallakowa da shi cikin jarkoki. Ƴan ruwa-ruwa suka jera kwalabe a bakin hanya daga Gaya har Diffa. Kabu-kabu ya fara a garuruwan iyaka irin su Ƙonni, ya bazu Maraɗi da Damagaram da Tawa, ita kuwa Yamai ta daɗe ba ta karɓe shi ba. Da baburan Sin suka shigo cikin shekarun 2000, Kasea da Jincheng da ƴan'uwansu, farashin moto ya sauko har ƙaramin ma'aikaci ya iya kai hannu. In za a faɗi gaskiya, abin da ya mai da ƴan Nijar bakin aiki bayan shekarun wahala moto ne. Mota ta zo daga baya, ga wanda ta zo wa.

Dalilin yana cikin irin aikin da aka koma. Daga 1998 gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, a kan jikka 35 a wata. Mafi ƙarancin albashi a doka, daga 2012, sefa 30,047 ne, sai a 2024 ya koma jikka 42. Bari mu yi lissafi irin na ɗan lakwal. A ce tsakanin gidanka da wurin aiki kilomita 10 ne. Zuwa da dawowa 20, a kwana 22 na aiki kilomita 440. Tsohuwar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha kamar lita 35. A farashin dala 108 da aka daɗe ana sayar da litar asansi, kusan jikka 19 ke nan, wato kusan kashi biyu cikin uku na ƙaramin albashin wancan lokaci, ba a kai yara lakwal ba, ba a je biki ko gaisuwar mutuwa ba. Moto kuwa jikka shida ta ishe shi. Mai shiga takasi yana biyan kuɗin mutum biyu safe da yamma zai kashe jikka 17 da ɗari shida. A nan ne tarkon yake. Mutum ya duba ya ga kuɗin takasi da kuɗin mai kusan ɗaya ne, sai ya ce ai gara in sayi tawa. Ya manta da asiransi, da binyeti, da bizit, da juyen mai, da taya da ramukan damina ke ci, da makanike wanda zai zama kamar ɗan gida. Motar da ta yi shekara 15 a kan titunan Turai, ta zo ta haɗu da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu, ba ta jin kunyar tsayawa a tsakiyar rampuwan ƙarfe takwas saura kwata.

Su kuɗin sayen fa? Tsohuwar ƙaramar mota mai lafiya, da kuɗin duwan da takardu, miliyoyi ake magana, albashin shekaru ga ƙaramin ma'aikaci. Bankunan da suka zo bayan BDRN sun koyi darasi: sai wanda albashinsa ke bi ta hannunsu, wanda takardarsa ta nuna aikin dindindin ne. Wanda ya fito daga shekara uku ko biyar na rashin aiki ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi bashi ne: na mai shago, na mai gida, na surukai. Albashin watannin farko masu shi suna nan suna jira tun kafin ya fito. Don haka motar wanda ya koma aiki, in ka bi salsalarta, da wuya ka iske albashi ne kaɗai ya saye ta. Za ka iske adashin ofis da aka ba shi ɗaukar farko don tausayi. Za ka iske ɗan'uwa a Libiya ko Abijan ko Legas. Za ka iske sa biyu da aka sayar a ƙauye, ko parsel ɗin nan na bashin albashi da ya yi daraja bayan shekara goma. Sau da yawa kuma za ka iske hannun mace. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi cikin 1991, sun koya wa mata tara asusu da ba juna rance a daidai lokacin da bankuna ke rufewa. A gidaje da yawa tuyar ƙosai da kiwon tumakin uwargida ne suka riƙe gida sa'ad da maigida ke zaune, kuma su ne suka yi cikon kuɗin moton da ya koma aiki da shi. Ba a cika faɗin wannan a fada ba.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya kamawa. Wanda ya daɗe ba aiki ya sha kallo, ya sha «har yanzu shiru?» a wurin suna da ɗaurin aure. Ran da ya samu, yana son unguwa ta sani ba sai ya buɗe baki ba, kuma ba abin da ke wannan shela kamar mota a ƙofar gida. Ban ga laifin mai wannan buri ba, don mutunci ma abin bukata ne. Sai dai motar tana zuwa da nata dangi. Daga ranar kai ne mai kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, kai ne mai ɗaukar ƴan rakiyar amarya, kuma ba wanda zai tambaye ka ko akwai mai a tanki. Shi ya sa za ka ga mai mota ya ajiye ta daga 20 ga wata, ya hau moto, ko ya tsaya bakin hanya yana jiran abokin aiki. Wasu ma da gangan suke haɗa kai, mutum uku ko huɗu ƴan unguwa ɗaya, kowa ya kawo na mai.

Shekarun baya-bayan nan sun sake jujjuya lissafin. An buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a ƙarshen Nuwamba 2011, ƙasa ta fara shan man kanta, farashi ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, sannan ta rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, cinikin ratse ya yi rauni, dillalai da direbobi da yawa su ma suka shiga sahun marasa aiki. Ran 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya cire tallafin mai, kwalbar ɗan ruwa-ruwa ta daina arha, masu moto a Maraɗi da Ƙonni suka koma layi a gidajen mai. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, gadar Gaya ta rufe. Hanyar Kwatano, wadda ta shekara 30 tana ciyar da kasuwar tsofaffin motoci, ta tsaya cik. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari, ana tafiya a ayari da rakiyar soja, kuma kowane kwana da aka ƙara a hanya yana kan farashin mota da kayan gyaranta. A daidai lokacin ne ƙungiyoyin agaji da ayyukan ƙasashen waje da dama suka tattara, direbobinsu da akawunsu da masu gadinsu suka koma gida. Wasunsu motar da suka saya lokacin da aiki ke tafiya ita ce yanzu ke ci da su, suna haya da ita cikin gari ko kai ƴan makaranta da wata-wata.

A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage litar asansi daga sefa 540 zuwa 499. A lissafinmu na ɗazu, mai lita 35 a wata ya samu sauƙin jikka ɗaya da ɗari huɗu da ƴan kai. Ɗalibin da ya gama jami'ar Abdu Mumuni ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya yi bautar ƙasa shekara biyu, ya zauna wasu shekaru, sannan ya samu kwantaragi a wani ofis na Filato, daga gidan yayansa na bayan Kwara Tegi zai riƙa fitowa, watakila a ɗaya daga cikin filayen nan da aka biya bashin albashi da su. Ƙarfe shida da rabi yana bakin kwalta yana ɗaga wa faba-faba hannu, adashin ofis kuwa an ce ɗaukarsa sai wata na tara.